Uwargida, Ina Ƙafar Kwamfutar Nan Ta Faɗi?

Kafin ki ci gaba da karatu ina so ki yi mini abu guda. Idan akwai kwamfutar tafi-da-gidanka a gidanki, wadda yara ke kira laftof, ɗauko ta, ki rufe ta, ki kifa ta a kan cinyarki. Za ki ga wasu 'yan robobi baƙaƙe ko ruwan toka a kusurwoyinta huɗu, a wasu kuma dogayen robobi biyu ne kwance kamar zirin igiya. Su ne ƙafafunta. Ƙirga su. Idan sun cika, ki taɓa kowace da farce ki ji ko tana motsi. Idan kuwa kika tarar da gurbi wayam, sai ɗanƙon gam da ƙura ta manne masa, to maganar yau taki ce.

Na san wata za ta ce, haba Malama, duk matsalolin da ke damun gidajenmu a rasa abin magana sai ƙafar kwamfuta? Ki yi haƙuri ki biyo ni. A da laftof kayan ofis ce, sai a hannun ma'aikatan sakatariya da 'yan ƙungiyoyin agaji. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, uwa a Gummi ko Bukkuyum ta fara jin ɗiyarta na cewa sai ta koyi danna madannai kafin ranar jarrabawa. Wadda ta samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla da ke Gusau, ko ta Maru, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ba za ta kammala ba sai ta buga aikin bincikenta. Mu ma a Islamiyya da ita muke buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Sau da yawa kuɗin sayenta daga adashin uwa ya fito, ko tunkiya aka sayar, kuma ta hannu aka sayo, wadda ta riga ta sha aiki a wata ƙasa. Idan masu ita sun fita, a ɗakinki ake barin ta. Ke ce mai shara, don haka ke ce za ki fara ganin 'yar robar a ƙasa.

Ki sake duba cikin kwamfutar da kika kifa, za ki ga 'yan tsage-tsage kamar na rariya. Ta nan fankar da ke ciki take jawo iska, ta bi da ita ta kan ƙwaƙwalwar na'urar, ta fitar da mai zafi ta gefe ko ta baya. Ƙafafun nan su ke ɗaga cikinta daga kan tebur, tazarar da ba ta fi kaurin tsinken ashana ba, kuma ta wannan 'yar tazara take numfashi. Idan biyu suka cire, gefe guda ya kwanta, iska ta ragu. Kamfanonin da ke ƙera su galibi suna rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ke kuwa kin san Anka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ɗakin kwano babu silin, ga babu wuta balle fanka. Da ma na'urar a wahale take, sannan a toshe mata hanci. Alamar da za ki gani ita ce fankarta ta yi ta kuka kamar injin markaɗe, aiki ya yi nauyi, wani lokaci ta mutu da kanta ana tsakiyar rubutu. Idan zafin ƙwaƙwalwarta ya doshi digiri 100 takan rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Batir kuma babu abin da ke tsufar da shi da wuri kamar zafi.

Wannan ne ya sa nake yawan faɗa da ɗabi'ar 'yan matanmu ta ɗora laftof kan katifa ko filo ko bargo, a kwanta rub da ciki ana kallon fim ko ana bitar karatu. A kan katifa ko ƙafafun sun cika ba su da amfani, don nutsewa suke yi cikin soso, zanin gado ya rufe kafofin iska, fanka ta yi ta zuƙar zare da ƙura. Ki ware mata babban tire na ƙarfe ko guntun katako mai santsi, duk inda za a kai ta a ɗora ta a kai. Ko a kan darduma ko kafet ne, a sa tiren.

Aikinsu na biyu riƙo ne. Laftof da ta rasa ƙafa zamewa take yi a kan ledar tebur ko gilashi. Yaro ya zo da gudu ya ja wayar caji, sai ki ji tim a ƙasa. Tsofaffin laftof da yawa suna ajiye bayanai ne a wani faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti guda, kuma faɗuwa ɗaya yana cikin juyawa ta isa ta tafi da aikin shekara guda.

Me ke cire su? Da wani siririn gam mai kama da na salatif aka manna su tun daga masana'anta. Zafi yana sassauta shi, maiƙon hannu da ƙurar hunturu su shiga ta gefe, sai turawa da zarowa daga jaka su ƙarasa aikin. Ba lallai sakacin 'yarki ba ne, kada ki tsananta mata. Ko kamfanin Apple, duk da tsadar kayansa, a 2011 sai da ya sanar zai canza ƙasan wasu kwamfutocin MacBook kyauta, waɗanda aka sayar tsakanin Oktoba 2009 da Afrilu 2011, saboda robar ƙasansu tana ɓanɓarewa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayina na uwa. 'Yar robar nan mai zagaye ba ta fi girman maɓallin riga ba, ga laushi, ga ɗanƙo, daidai abin da mai rarrafe ke so. A Amurka doka ta hana a sa wa kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba duk wani yanki da zai iya shigewa cikin bututu mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya, saboda shaƙewa. Ƙafar laftof ta shige ta bar wuri. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da yaro ke ɗauka daga ƙasa ya kai baki ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma ƙanana ne suka fi mutuwa saboda su ne hannunsu ba ya rabuwa da ƙasa da baki. Allah Ya jiƙan su. Waccan masifa ta fi ƙarfin a kwatanta ta da 'yar roba, amma hanyar ɗaya ce, daga ƙasa zuwa baki. Don haka idan kika ga gurbi wayam, ki nemi robar a ranar, ƙarƙashin gado, cikin jaka, gefen tabarma. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, jaririn da bai kai shekara ba ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari, ki kifa shi a kan hannunki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafinki, in bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5, ki yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube a maƙogwaro, ƙara tura shi za ki yi. Wadda aka cusa a hanci ko kunne kuwa, kada a taɓa ta da tsinke, asibiti za a kai shi.

Gyaran ba ya buƙatar mai gyara. Ki kashe kwamfutar, ki zare caji. Ki kankare tsohon gam daga gurbin da kuma jikin robar da farce ko gefen tsohon katin waya, kada ki sa reza. Ki ɗiga sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi, a auduga ki goge duka biyun, ki bari su bushe sarai. Ban da kalanzir, ban da fetur, ban da ruwan goge jan farce, don wannan na ƙarshen narka robar jikin kwamfuta yake yi. Yawancin waɗanda ke cewa sun manna ta sake cirewa, a nan suka yi gaggawa, gam ba ya kama maiƙo.

Abin da ya fi dacewa shi ne salatif mai manni ta fuska biyu, siriri, irin wanda masu gyaran waya ke like gilashi da shi. Ki yanka daidai girman robar, ki manna, ki danna da babban yatsa na kamar minti guda. In babu shi, gam ɗin masu gyaran takalmi irin su Evo-Stik ya wadatar. Ki shafa kaɗan ƙwarai da tsinken ashana a gurbin da kuma a robar, ki jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan ki haɗa. A tsakar gida za ki yi wannan, nesa da murhu da yara, don warinsa yana hawa kai kuma yana kama wuta. Bayan nan a bar ta zaune a kan ƙafafunta kwana guda kafin a sa ta a jaka.

Super Glue kuwa, wanda shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi a kowane gida, ni dai ban ba ki shawararsa ba. Idan ya bushe ƙandarewa yake yi, roba kuma motsi take so, sai ya tsage. Yana barin farin tabo. Abin da ya fi wannan, a laftof da yawa akwai noti ɓoye a ƙarƙashin ƙafar, mai gyara sai ya ɗaga ta kafin ya buɗe cikin na'urar ya share fanka. Ki leƙa gurbin, in kin ga kan noti, kada gam ko ɗigo ya taɓa shi. Wanda ya ɗauki kwamfuta daga Gummi ya bi ta Daki Takwas da Anka har Gusau, da tsadar mota da halin da hanyoyinmu ke ciki, bai kamata ya isa a ce masa an like noti ba.

In robar ta ɓata gaba ɗaya, masu sayar da kayan kwamfuta a Gusau da Sakkwato da Titin Beirut a Kano kan sayar da sababbi masu gam a jikinsu, sai a yi wa mai tafiya saƙo. Kafin nan, je ki wurin mai faci ki karɓi guntun robar cikin tayar babur, ki wanke ta da sabulu, ki yanka da almakashi daidai gurbin. In ba ta kai kaurin sauran ba ki ninka biyu. Abin lura shi ne tsawonsu ya zo ɗaya, in ya ƙi, ki cire abokiyar zamanta ta ɗaya gefen ki canza su tare. Ninkakkiyar takarda da ake cusawa ba gyara ba ce.

Saura abu guda. Idan ƙafafun sun cika amma kwamfutar tana rawa a kan tebur mai kyau, ko kika ga cikinta ya turo, ko ɗan filin da ake goga yatsa ya ɗago, wannan ba maganar roba ba ce, batir ne ya kumbura. A daina yi mata caji, kada a danna, kada a huda, kada ta kwana kusa da katifa, a kai ta a cire shi, don irinsa yana iya kamawa da wuta. Wadda ta mutu murus kuma kada a ba yara su yi wasa da ita. A cikin da yawansu akwai ɗan batir mai kama da kwabo, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2. Irin wannan ba a jira a ga alama, ba a kuma sa shi amai, babban asibitin garinku za a nufa nan take, ko da dare ne.