An Gama Fiɗa, Saura Tsaro

Idan aka sallamo mutumin Kakuri daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bayan an cire masa ƙari daga ƙwaƙwalwa, dangi kan ɗauka an tsallake siradi. A ganina, a ranar ce aikin iyali yake farawa, kuma ba a cika gaya musu haka ba.

A gindin ƙwaƙwalwa manyan jijiyoyin jini sun haɗu sun yi zobe, wanda likitan Ingila Tomas Wilis ya bayyana a 1664. Wani lokaci bangon jijiya kan yi rauni ya kumbura, tamkar yadda tayar keke ke yin ƙulu kafin ta fashe. Likitoci na kiran wannan kumburi anurizim. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 suna ɗauke da shi, galibinsu har su tsufa bai taɓa fashewa ba.

To, ina haɗinsa da fiɗar ƙari? Wani yana da kumburin tun da daɗewa, ƙarin ya lulluɓe shi. Wani kuwa a wurin aikin ne ake gogar jijiyar, musamman idan aka bi ta hanci don ciro ƙarin da ya tsiro a fituwitari, wato 'yar halittar nan mai sarrafa sinadaran girma, domin manyan jijiyoyi biyu ne suka sa ta a tsakiya. Gurbin da aka goga sai ya riƙa kumbura a ɓoye, ya fashe bayan kwanaki ko makonni, alhali majinyacin yana gida. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru yana kisa.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ciwon kai mai faɗowa farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, sanƙarewar wuya, amai, gani biyu-biyu, suma, ko haɓo mai yawa. A nan ne muke yin kuskure. Sai a ce zafin rana ne, ko iska ta taɓa shi, a ba shi Panadol a jira gari ya waye. Alhali jijiyar da ta zubar sau ɗaya ta fi saurin sake ɓallewa a cikin awa 24 na farko, ga kuma tafiyar fiye da kilomita 80 daga Kakuri zuwa Shika.

Magani kuwa akwai shi. Tun 1937 Walter Dandy na Amurka ya fara matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, daga farkon shekarun 1990 kuma ake toshe shi da zaren filatinam ta cikin jijiya. Amma sai wanda ya iso da rai ake yi wa.

Saboda haka nake ganin bai kamata a sallami kowa ba sai an ba iyalinsa takarda da Hausa mai ɗauke da waɗannan alamu. Ɗalibin sakandare shi ne sau da yawa mai karanta takardar asibiti a gida. Malamin bayoloji ya koya masa cewa in ya ga haka, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Gwamna Awan ko St. Gerard's, a gaya wa likita irin fiɗar da aka yi da ranar da aka yi ta, a nemi hoton ƙwaƙwalwa a daren.