Ƙarfafa Huɗu na Halitta: Mu Koye Su, Kada Mu Ɗaura Musu Aya

 

Ya 'yan'uwa, a 'yan kwanakin nan muna yawan jin wasu masu wa'azi suna cewa masana kimiyya sun gano dukkan ƙarfafan da ke cikin halitta asalinsu guda ne, wai wannan shi ne hujjar tauhidi. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma muna ganin hanyar akwai haɗari a cikinta. Kafin mu bayyana dalilinmu, wajibi ne mu san abin da ake magana a kansa.

Masana fizika sun tattara duk wani ja da turi da suka sani a ƙarƙashin ƙarfafa huɗu. Na farko shi ne ƙarfin ja, wanda Larabawa ke kira jazibiyya. Shi ke dawo da dutse ƙasa, shi ke riƙe da wata a falakinsa. Na biyu ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda daga gare shi haske da tsawa da rediyo suke. Na uku ƙarfin nukiliya mai tsanani, mai ɗaure cibiyar zarra don kada ta tarwatse. Na huɗu ƙarfin nukiliya mai rauni, wanda ke juya wata ƙwayar zarra ta koma wata, kuma ba domin shi ba da wutar rana ba ta kama ba. Abin mamaki, ƙarfin ja shi ne mafi rauni a cikinsu: ɗan maganaɗisu a hannun yaro yana ɗaga allura alhali ƙasa baki ɗayanta tana jan ta.

Gaskiya ne an haɗa wasu da wasu. A shekarar 1865 Maxwell ya nuna lantarki da maganaɗisu da haske abu ɗaya ne. Daga baya Glashow da Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan suka haɗa wannan da ƙarfi mai rauni, aka ba su lambar Nobel a 1979, aka kuma tabbatar da maganarsu a ɗakin gwaji na CERN kusa da Janiba a 1983. To, amma nan tabbaci ya tsaya. A 1974 an kawo nazariyyar da za ta shigo da ƙarfi mai tsanani, wadda ta ce furoton zai ruɓe bayan dogon zamani. Aka haƙa ɗakunan gwaji a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka, aka jira shekaru, ba a ga ko ɗaya ya ruɓe ba, wannan nazariyya ta faɗi. Shi kuwa ƙarfin ja, har yau ya ƙi haɗuwa da sauran.

To, da a ce wani malami ya hau mumbari a 1974 ya ce ga tafsirin aya kaza, me zai faɗa wa ɗalibansa bayan gwaji ya ƙaryata? Bayanin Newton na 1687 ya yi shekara fiye da 200 ana ganin babu gyara a cikinsa, sai Einstein ya zo a 1915 da wani bayani, aka auna shi lokacin husufin rana na 1919 a tsibirin Principe da ke tekun Gini da kuma Burazil. Haka wannan ilimi yake tafiya: zato, sannan gwaji, sannan gyara. Wanda ya jingina yaƙini da zato ya jefa imanin matasa cikin haɗari, domin ranar da zaton ya rushe, shakka ce za ta shiga zukata. Mu aƙidarmu ita ce waɗannan ƙarfafa sabubba ne halittattu, ko huɗu ne ko ɗaya, kuma kaɗaitakar Mahalicci ba ta jiran sakamakon wani gwaji.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne. Tun 1971 aka fara haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar, aka yi shekaru ana samar da lantarki da shi a Faransa, alhali ƙauyukanmu na cikin duhu. Masu ilimin cibiyar zarra su suka ci moriyarsa, mu kuwa aka bar mu da haƙa da dako. Magabatanmu ba haka suka yi ba. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, gwaji ya yi a kan haske, har ya rubuta littafi yana tuhumar Batlamus, bai yi masa taƙlidi ba.

Saboda haka muna kira ga makarantunmu na Islamiyya da su ba lissafi da fizika haƙƙinsu, ga iyaye kuma da su ƙarfafa wa 'ya'yansu maza da mata gwiwa su zurfafa a ciki, domin farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari, laifin yana kan kowa. Masu wa'azi kuma su tambayi ma'abota fannin kafin su yi furuci. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba.