Mu Ne Za Mu Auna Sulhun Da Ake Yi Da Sunanmu

'Yan'uwa fatake da dillalai,

Kowace kaka ana taron sulhu tsakanin manoma da makiyaya daga Faraku har Jugu. A ci a sha, a sa hannu a takarda, a watse. To, wa ke komawa ya duba ko an cika alkawari? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dokoki ba su yi kaɗan ba. A 1998 CEDEAO ta kawo takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, a 2019 kuma Benin ta kafa dokar kiwo. Amma doka ba ta buɗe burtalin da aka nome. Duk ranar da aka yi faɗa, garke ba ya isowa kara, kuma jarinmu ne ke ƙonewa.

Mu dubi Gogunu. Tun shekarun 1970 makiyayan can suka karɓi ragamar kasuwarsu, suka sa shaidu da rasit a kan ciniki. Abin da aka yi wa ciniki sai mu yi wa sulhu.

Shawararmu ita ce a ajiye littafi a karar Gema, a hannun mutum uku: manomi, ardo da ɗan kasuwa. A rubuta ɓarna nawa aka yi, diyya nawa aka biya, wace mashaya aka toshe. Duk bayan wata uku a karanta wa jama'a. Kwamitin da bai yi aiki ba, a sauya shi.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.