An Ajiye Bindiga a 1991, Mazajen Ba Su Dawo Ba Sai 2005

Ranar 18 ga Agusta, 2005, sojojin Maroko 404 suka baro Tinduf, a kudu maso yammacin Aljeriya, aka sauke su a Agadir. Su ne na ƙarshe cikin fursunonin yaƙi sama da 2,000 da ƙungiyar Polisario ta tsare a rikicin Yammacin Sahara. Wasunsu sun haura shekara ashirin a hannu. Aka yi ta tafi, ana jinjina wa Sanata Richard Lugar na Amurka da ya shiga tsakani. Tafin me? Ai tun Satumbar 1991 aka tsagaita wuta.

Yarjejeniyar Jeniba ta Uku, ta 1949, ba ta ɓoye komai ba: da zarar faɗa ya tsaya, a saki fursunoni su koma gida ba tare da jinkiri ba. Polisario ta ce a'a, sai an yi ƙuri'ar raba gardama kan makomar yankin tukuna. Wato shekara 14 aka ƙara wa 'ya'yan talakawa saboda ƙuri'ar da har yau ba a kaɗa ba. A 2003 gidauniyar France Libertés, wadda ta daɗe tana goyon bayan Sahrawawa, mutanen Yammacin Sahara, ta fitar da rahoto kan aikin dole da azabar da ake gana wa mutanen nan.

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai gidan. A 1989 Polisario ta saki mutum 200, galibi tsofaffi da marasa lafiya. Gwamnatin Sarki Hassan na Biyu na Maroko ta ƙi karɓarsu, don kada a ce ta amince akwai wata aba wai ita Polisario. Sojojinka, kai ka tura su, an ce ga su, ka kau da kai! Suka ci gaba da zama a hamada har 1995, wasu a can suka cika.

To ina matar da aka bari a gida? Ita ba bazawara ba, ba kuma mai miji a ɗaki ba. Mu da mutanen Maroko mazhabarmu ɗaya, don haka mun san ƙullin. A fikihun Malikiyya, matar wanda ya ɓace ana yanka mata wa'adin shekara huɗu, ta yi takaba, ta yi aure. Matar wanda aka kama kuwa, muddin akwai abin ciyar da ita, aurenta na nan daram. Haka amarya za ta yi furfura tana jiran takardar da jami'an Red Cross za su kawo, in sun samu shiga. Jaririn da aka bari a goye ya yi gemu bai san muryar ubansa ba. Tsohuwa ta rasu ɗanta bai tsaya a jana'izarta ba. Gado ba ya rabuwa, tunda mai shi da ransa. Maƙwabta kuma kullum magana ɗaya: a yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, gaskiya, amma ba don masu mulki su fake da shi aka yi shi ba.

Kada wani ya ɗauka Maroko ce kaɗai aka zalunta. Ɗaruruwan Sahrawawa sun ɓace a gidajen yarin sirri na Maroko irin na Agdz da Kalaat M'Gouna, iyalansu ba su ji ɗuriyarsu ba sai da aka sako waɗanda suka rage a 1991. Kowane ɓangare ya riƙe ɗan wani kamar kayan jingina.

Tun Nuwambar 2020, bayan rikicin Gargarat, bindiga ta sake tashi a yankin. Tarayyar Afirka, inda Maroko da Jamhuriyar Sahrawi ta Polisario ke zaune a zaure ɗaya, ba ta da uzuri. Ta tilasta musu tun yanzu: duk wanda aka kama, a miƙa sunansa ga Red Cross, a bar shi ya aika wa iyalinsa saƙo cikin mako guda kamar yadda doka ta tanada, kuma kada a sake ɗaura sakinsa a kan wata ƙuri'a.