A tara tsofaffin 'yan amshi, amma ba a babban zaure ba

1/ Duk wanda ya tashi tsakanin Shinkafi, Kaura da Zurmi ya san Narambaɗa da Kassu Zurmi, ko a kaset ne. Sun rasu, amma akwai tsofaffin da suka iya amshin waƙoƙinsu. Ni dai ra'ayina: a haɗa su su yi wasa tun suna da rai.

2/ Amma don Allah kada a kai su wani katafaren zaure a Gusau, ɗan siyasa ya yi jawabin awa biyu, makaɗa su samu minti goma. Ƙofar gida, tabarmi, mutum hamsin. Kotso ba ya buƙatar lasifika, a kusa ake jin daɗinsa.

3/ Ko a Amurka, Metallica da ke cika filin ƙwallo, a 2021 sun koma ɗan ƙaramin kulob a San Francisco suka yi wasa.

4/ Na san me za ku ce: Kassu ya wasa 'yan tauri har da ɓarayi, a wannan hali na 'yan bindiga shi za mu farfaɗo? Tambayar tana da nauyi. To amma yaranmu na jin waƙoƙin a waya, ba mai yi musu bayani. Gara su ji a gaban dattijon da zai faɗa musu waye aka wasa da yadda ya ƙare.

5/ A yi da rana, a tashi kafin la'asar, saboda hanya. Wani ya zo da na'urar ɗaukar murya mai kyau.