Nasiha Ga Masu Gyaran Rediyo A Kan Ayisin Da Ya Yi Zafi

Tun 1929 da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe, kayan Nasara ba su daina kwararowa ƙasar Zamfara ba, mutanenmu kuma ba su daina buɗe cikinsu domin ganin hikimar da aka ɓoye ba. Har ta kai yau a Ƙaura da Zurmi da kasuwar Shinkafi ta Alhamis za ka tarar da saurayin da bai zauna ajin kimiyya ba, amma ya harhaɗa amfilifayar masallaci da hannunsa, ko kuwa, in mai sha'awar kiɗan Buzayen Agadas ne, ya ƙera ɗan akwatin nan da mai jita ke takawa da ƙafa don ya sauya amon tsirkiya. Wannan baiwa ce, Allah Ya ƙara. Sai dai akwai wata al'ada da nake ganin ta zama illa ga sana'ar, wato da zarar mai gyara ya ɗora yatsa a kan ayisi, wato IC, ya ji ƙuna, sai ya yanke hukunci, “Ayisi ya tafi, Alhaji, a sayo sabo,” alhali zafin nan tamkar zazzaɓi ne a jikin majinyaci, wanda likita na ƙwarai ba ya sallamarsa sai ya gano sababinsa.

A duba mas'alar akwatin jita. Ayisin da aka fi sa masa, irin su TL072, abin da yake ci na wuta bai taka kara ya karya ba, saboda haka haƙƙinsa ne a same shi da sanyi ko da an wuni ana kiɗa. In kuwa ya yi zafi, to, lalle an zalunce shi, ko dai an dasa shi a juye, ko ɗigon dalma ya haɗe ƙafafu biyu, ko kuma, wanda ya fi yawa, an jona masa adaftar da ba tasa ba, domin galibin waɗannan akwatuna bolt 9 suke so, kuma tsarin bakin wayarsu kishiyar na yawancin adaftocin kasuwa ne. Wanda ya dasa sabo bai gyara wannan ba, ya sake ƙona kuɗin mai kaya ke nan.

Na amfilifaya hukuncinsa daban ne, gama TDA2030 dole ya yi ɗumi, shi ya sa ake ɗaure shi jikin ƙarfen da ke shanye zafi, a shafa farin maiko tsakaninsu. Amma kwamitin masallaci, saboda kwaɗayin ladan kiran salla ya kai bayan gari, sai su rataya lasifika huɗu masu om 8 a baki guda, nauyin ya koma om 2, ga batirin sola yana haura bolt 14 da tsakar rana, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturun bara ta toshe kafofin iska. Sa'an nan a ce wai kayan yanzu jabu ne. Jabun akwai shi, ban musa ba, amma an ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa.

Ra'ayina shi ne kada maigidan shago ya miƙa wa almajirinsa ƙarfen narka dalma sai yaron ya iya karanta mita, ya san auna wutar da ke shiga kowace ƙafa kafin ya cire kome, domin taƙlidi ya isa haka, sana'ar tana bukatar tahƙiƙi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura tun 1983 ita ta fi cancanta ta ɗauki wannan nauyi, ta buɗe wa yaran shaguna darasin yamma da Hausa, ba tare da neman takardar sakandare ba, kuma a ba kowane ɗalibi mita tasa ranar da ya kammala.