FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Kafin A Yarda Cewa Bod Ya Ƙone

Akwai wata magana da ke kashe wa mai kwamfutar tafi-da-gidanka jiki a shagon masu gyara, watau a dube shi a ce, "Malam, ai bod ya ƙone." Bod ɗin nan shi ne babban farantin da ke cikin na'urar, wanda sauran kayan ciki duka ke haɗe a jikinsa, kuɗin sauya shi kuwa yakan yi kusa da kuɗin wata tsohuwar kwamfutar sukutum. Ba shakka bod yana ƙonewa. Amma sau da dama ba shi ne ke da laifi ba, wani ɗan ƙaramin abu ne da mai kwamfutar zai iya ganowa a ɗakinsa tun bai biya kuɗin mota ba.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a ƙasar nan kwance ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, irin waɗanda mutanen Ikko ke kira tokumbo. Ana sayensu a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, bayan sun riga sun yi shekaru suna aiki a hannun wani. Na'urar da ta ga jiya haka ba abin mamaki ba ne ta yi ciwo. Abin da ya kamata mai ita ya riƙe shi ne bin tsari: a fara tuhumar abin da ke waje mai araha, kafin a kai ga abin da ke ciki mai tsada.

Idan an danna maɓalli kwamfuta ta yi shiru, ba fitila ba motsin fanka, to, caja ce abin tuhuma na farko. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfin wutar da take bayarwa. Galibin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo 20, ƙarfinsu kuma wat 45 ko 65 ko 90. Kowane mai gyaran rediyo yana da mitar da zai auna wannan cikin minti ɗaya. Wayar caja takan karye daga ciki, daf da bakin da ake sokawa, saboda yawan naɗe ta da ƙarfi, alhali a ido lafiyarta lau. Sa'an nan cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, wadda da ita kwamfutar ke gane cajar. In allurar ta karye, ko kuwa cajar jabu ce, na'urar tana iya kunnuwa amma ta ƙi cika batir, ko ta riƙa tafiyar hawainiya. Nan ne mutum kan tafi ya sayi sabon batir a banza. Su kuwa cajojin, ba abin da ke kashe su irin wutar da kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, da wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Har yau dai "NEPA ta kawo" yara ke ihu, ko da yake an sauya wa hukumar suna tun 2005. To, wannan lokaci na ihu shi ne mafi haɗari, gara a bari wutar ta zauna kafin a jona.

In caja ta kuɓuta, akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo. A zare caja, a cire batir idan mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sa'an nan a mayar da caja ita kaɗai a gwada. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma kwamfutoci da yawa da aka fid da rai da su sun farka ta haka.

Wani ciwon daban ne idan fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Wannan kwamfuta tana da rai, sai a binciki ko gani ne ta rasa ko tunani. A jona ta da talabijin ta kafar HDMI. In hoto ya fito a talabijin, bod lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga allon ko siririyar wayar da ta ratsa ta mahaɗar murfi, wadda buɗewa da rufewa kan cinye a hankali. A kuma haska allon da tocila a kusa: wanda ya hango rubutu dishi-dishi ya san fitilar bayan allon ce ta mutu. Idan ko a talabijin ba a ga kome ba, sai a koma kan RAM, watau ɗan siririn katin da na'urar ke riƙe aikin da take yi a kansa. Jijjigar hanya da ƙura sukan hana shi zama daidai. Bayan an kashe na'urar an raba ta da caja da batir, a cire katin, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar har ya yi ƙas. In biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen sabo ya lura cewa DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Wasu sababbin kwamfutocin marasa kauri kuwa an like musu RAM a jikin bod, waɗannan ba na taɓawa a gida ba ne.

Babban abokin gabar kwamfuta a ƙasar nan dai zafi ne, ƙura kuma ita ce 'yar aikensa. A cikin na'urar akwai bututun tagulla da ke janye zafi daga ƙwaƙwalwarta zuwa wasu siraran haƙarƙarin ƙarfe da ke bakin tagar iska, fanka tana hura su. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta haɗu da zaren bargo ta toshe haƙarƙarin nan kamar auduga. Daga nan sai fanka ta yi ta gurnani ba iska mai fita, aiki ya yi nauyi, domin ƙwaƙwalwar takan rage gudu da kanta in zafinta ya doshi digiri 100, in abin ya faskara kuma ta kashe kanta don kada ta ƙone. Saboda haka kwamfutar da ke mutuwa bayan rabin sa'a tana aiki, ta kuma yarda ta tashi bayan ta huce, ba bod ne ya ƙone ba, ceton kanta take yi. Maganin shi ne a buɗe a share da buroshi mai laushi, a riƙe fankar da yatsa lokacin da ake hura iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma wani man toka-toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da tagullar, wanda kan bushe bayan 'yan shekaru, sabunta shi ba ya da tsada. Abin takaici, da yawa daga masu kukan zafi a kan katifa ko filo suke ɗora na'urar, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. Faifai ko faranti ma ya fi katifa.

Batir shi ma yana da iyakar kwana, yakan raunana bayan an cika shi an sauke sau ɗaruruwa, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne kumburi. Wanda ya ga wurin da ake jan yatsa ya turo sama, ko gindin kwamfutar ya ƙi zama daidai a kan tebur, ya daina jona ta nan take. Kada a matsa kumburarren batir, kada a huda shi, domin yana iya kama wuta. Ba tatsuniya ba ce: a 2006 kamfanin Dell ya janye batura sama da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda wannan haɗari. Kwamfutar da ke manta kwanan wata da agogo duk lokacin da aka kashe ta kuwa, ɗan batirin bolt 3 mai kamar kwabo da ke kan bod ne ya ƙare.

Duk abin da aka lissafa ana iya sayen madadinsa a kasuwa. Abin da ba a sayarwa shi ne kundin ɗalibin da ya shekara yana rubutawa, ko lissafin ɗan kasuwa, kuma duk suna cikin faifan ajiya. Tsohon samfurin faifan nan juyawa yake yi, yawanci sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura tana shawagi a samansa, shi ya sa faɗuwa ɗaya tana iya gamawa da shi. Idan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko na'urar ta riƙa sandarewa wajen buɗe takarda, ko ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, to, kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Aikin farko shi ne kwashe muhimman takardu zuwa filashi ko wani faifan, gyara ya biyo baya. Masu HP suna iya danna Esc sa'an nan F2 da zarar sun kunna, masu Dell kuma F12, su sami gwajin da kamfanin ya dasa a ciki, wanda ke duba faifai da RAM da batir ya faɗi mai laifi. In faifan ne, gara a maye gurbinsa da SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, yakan kuma mai da tsohuwar na'ura yarinya.

Inda bod kan lalace da gaske shi ne ruwa, musamman shayi da lemo masu sukari. Mutane sukan yi gaggawar kunnawa don su ga ko tana aiki, wannan kunnawar ce ke kashe ta. A kashe, a zare caja da batir, a kife ta, a kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya wanke da sifirit. Binne ta cikin shinkafa ba ya hana tsatsa cin ƙafafun kayan ciki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka wanda ya kai na'ura shago ya faɗi yadda ciwon ya fara da abin da ya riga ya gwada. Ya rubuta girman RAM da na faifansa a gaban mai gyara kafin ya bar ta, ya kafa sharaɗin kada a goge faifan sai da izininsa, ya nemi a ba shi duk abin da aka cire. Idan an ce bod ne, yana da haƙƙin ya tambaya wane ɓangare na bod ɗin, domin ƙwararru na ainihi, kuma akwai su a dukkan kasuwannin nan, sukan bi layin wuta da mita su sauya ɗan abin da ya ƙone shi kaɗai. Wanda ya kasa amsa wannan tambaya, sai a karɓi kwamfutar a gwada shago na gaba.